Turbo Ba Ya Yafe Rowar Fetur

Duk wanda ya ƙara wa motarsa ƙarfin turbo, iska ya ƙara wa inji, ita kuwa iska ba ta ci sai da mai. A ƙa'ida, giram ɗaya na fetur yana buƙatar giram 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Amma idan turbo ya matsa, masu saiti kan sauko da adadin zuwa wajen 12, domin rarar man tana rage zafi. In man ya gaza, fistin na iya narkewa. Saboda haka mai koyo ya fara sanya ma'aunin cakuɗin a salansa, ya tabbatar famfon mai da nozul za su wadatar, sannan ya riƙa ƙara matsi kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi gaggawa, sabon inji zai saya.