Yadda 'yan kallo ke gyara sabuwar rawa, da abin da kuɗin siyasa ke sauyawa

A Jega da Aliero da Maiyama, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, sabuwar rawa ba ta kammaluwa sai ta shiga dandali. Makaɗin kalangu ne zai fito da kiɗa, mawaƙi ya ɗora waƙa, 'yan amshi su karɓa, masu rawa su nemo taku. Daga nan sai a gwada ta a gidan biki. Takun da ya jawo guɗa da liƙi a riƙe shi, wanda ya sa taro ya yi sanyi a sauya shi kafin biki na gaba.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an mayar da wannan ɗabi'a tsarin aiki. Bayan Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a can a 1975, ɗalibai sun riƙa shiga ƙauyuka irin su Soba da Bomo, su saurari koken manoma, su shirya wasa, sannan su bar 'yan kallo su gyara labarin.

Lokacin zaɓe ne lissafin ke rikicewa. A gangamin siyasa, liƙin ɗan takara guda kan rinjayi na dukan jama'a. Mai rawa zai koma gida da kuɗi, amma bai san ko takunsa ya karɓu ba. Baitin da ya taɓo tsadar taki ko halin manoman albasa na Aliero kuwa, da wuya ya samu shiga a irin wannan taro.