Tsohuwar Motar Gudu da Tsatsa

Akwai wata irin mota wadda ba don ɗaukar kaya aka yi ta ba. Mutum biyu kaɗai take ɗauka. Ga ta gajeriya, amma injinta babba ne. Don gudu aka yi ta.

Ɗaya daga cikin irinta ita ce Jaguar E-Type, wadda aka ƙera a Ingila. An fara sayar da ita cikin 1961. Har yau wasu suna bisa hanya.

Babbar abokiyar gābar wannan mota ita ce tsatsa. Duk mun san yadda fartanya take zama in ta kwana cikin ruwan damina. To, a Ingila abin ya fi haka. In sanyi ya tsananta, ruwa yakan daskare bisa hanya, sai a watsa gishiri don ƙanƙarar ta narke. Ruwan gishirin nan yakan fantsamu a ƙarƙashin mota, ya yi ta cin ƙarfe inda ido ba ya gani.

Saboda haka mai mota yakan wanke ƙarƙashinta, ya shafa mata mai, ya ajiye ta a busasshen ɗaki. Wasu ma ba su fito da ita sai sanyi ya wuce.

In tsatsa ta riga ta huda ƙarfe, makaniki yakan yanke wurin, ya yi waldar sabon ƙarfe. Amma wani sai ya cike ramin da ƙullin gyaran jikin mota, ya shafe da fenti. Wannan ha'inci ne. Shi ya sa mai saye yakan tafi da maganaɗisu, watau mayen ƙarfe, ya ɗora a jikin motar. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne.