Firesof Mai Karkata Gaba: Ba Yawan Ƙirge Ake Nema Ba

A wayoyin samarin Jega da Maiyama, da ɗakunan kwanan ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006, akwai wani bidiyo da ke yawo iri-iri: ƙato ya dafa ƙasa da hannu biyu, ƙafafunsa sun tashi, jikinsa ya miƙe sambal a iska. 'Yan wasan motsa jiki na duniya kan ɗauki shekaru kafin su kai nan. Daga cikin matakan da ake bi akwai wani nau'in firesof da ake yi ƙafa na ƙasa, amma a turo jiki gaba har kafaɗu su wuce wuyan hannu. Shi matasanmu ke kwaikwayo, kuma yawancinsu firesof na yau da kullum suke yi da hannu a karkace.

A firesof da aka saba, hannu na ƙarƙashin kafaɗa, yana ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin mutum. Da an turo jiki gaba, nauyin ƙafa sai ya ragu, ya koma kan gaban kafaɗa da saman ƙirji da jijiyar dantse. Wanda ya taɓa ɗaukar kwandon albasa a kasuwar Aliero ya san bambancin rungume shi a ƙirji da miƙa shi nesa da jiki. Kaya ɗaya ne, wahalar ba ɗaya ba.

Ga yadda ake tsayuwar. A dafa ƙasa da faɗin kafaɗa, a juya yatsu waje kaɗan, ba gaba sak ba, don wuyan hannu ya samu sarari. A miƙe gwiwar hannu gaba ɗaya. Sai a tura ƙasa da ƙarfi har allunan kafaɗa su buɗe, bayan mutum ya ɗan yi tudu, kafaɗun kuma a danne su nesa da kunne. A matse ɗuwawu, a ɗaure ciki, kwankwaso ya lanƙwaso ciki kaɗan. Daga nan ne za a gangara gaba a kan yatsun ƙafa.

Abin da ya fi wuya, kuma a nan ake ha'inci, shi ne riƙe karkatar daga farko har ƙarshe. Mutum zai sauka lafiya lau, tafinsa dab da ƙasan haƙarƙari ko ƙugu, gwiwar hannu a jikin gefensa. Wajen tashi sai ka ga ya ja da baya, ko ya fara ɗaga ɗuwawu sama, ko cikinsa ya lotsa. Duk ukun hanyar gudun nauyi ce. Maganinsa mai sauƙi ne: ka jingina tafin ƙafarka da bango ta yadda babu wurin komawa, sannan ka ja layi da gawayi inda hannunka yake. Idan aboki na kusa, ya tsuguna a gefe ya duba ko kafaɗar na komawa bayan layin. Biyar masu tsabta a haka sun fi talatin na rawar jiki, ko da kuwa talatin ɗin ne ke burge 'yan majalisa.

Aliero ta yi suna da masu ɗori, ana kawo musu masu karaya da targaɗe daga nesa. Bai kamata saurayi ya kai kansa can saboda wasan da ya zaɓa da hannunsa ba. Tsoka tana ƙarfi da wuri, jijiya da gaɓa kuwa a hankali suke biyo baya, shi ya sa mai ƙarfin noma ko dako ma zai iya shiga haɗari: jikinsa na iya turawa, wuyan hannunsa bai shirya ba. A fara da ɗumama wuyan hannu na 'yan mintuna, musamman da sanyin safiyar hunturu. A yi makonni ana riƙe karkatar kawai, daƙiƙa 10 zuwa 20, kafin a haɗa da sauka. Sau biyu ko uku a mako ya isa. Wanda bai iya firesof 20 na gaskiya ba, ya dakata tukuna.

Mai jin zafi a wuyan hannu zai iya sa kafinta ko mai walda ya yi masa gajerun mariƙai biyu, su riƙe gaɓar a miƙe. Gajiyar tsoka ba komai ba ce. Amma suka mai kaifi a gaban kafaɗa ko cikin gwiwar hannu, ko kumburi, ko sagewar yatsu, alama ce a tsaya, kuma idan ta wuce 'yan kwanaki a je asibiti a duba.