Kujerar Fansho da Haƙƙin Mazan Jiya

A ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, yake bin magudanai yana rayar da shinkafa da alkama da tumatir a tsakiyar rani, kowane manomi ya san cewa kuɗin da ya iso bayan lokacinsa rabin kuɗi ne. Alkama tana son a shuka ta a farkon hunturu, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, domin ta yi fure sanyi bai wuce ba. Wanda ya kai Janairu bai biya hayar fili ba, bai sayi iri da taki ba, sai dai ya jira baɗi. Saboda haka tsohon sojan da ya aje kaki ya komo gida, ya ɗora lissafin nomansa a kan garatuti da fansho, jinkirin wata biyu a wani ofis na Abuja asarar shekara guda ce a gare shi.

Ofishin da ke riƙe da haƙƙinsa shi ne Hukumar Fanshon Sojoji, mai mazauni a Dutsen Alhaji cikin Abuja. Dokar gyaran fansho ta 2004, zamanin Obasanjo, ta sa ma'aikatan tarayya cikin tsarin adashi, wato ma'aikaci ya zuba, gwamnati ta zuba, kamfani ya juya kuɗin. Amma a 2011 aka gyara dokar aka fitar da sojoji, aka mayar da su tsohon tsari, inda ake biyansu kai tsaye daga baitulmali. Wannan rangwame ne, ba shakka, sai dai yana da illarsa, domin mai asusun kansa yana iya duba abin da ya tara, alhali wanda ake biya daga baitulmali ba shi da madogara face sunansa a cikin rajista da amanar wanda ke riƙe da rajistar.

Wannan aiki kuwa daɗaɗɗe ne a Musulunci. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ne ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mayaƙa, aka yanka wa kowa rabonsa na shekara gwargwadon matsayinsa da gabatarsa. Kuma malamanmu, tun daga Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi, wanda ya wallafa Liya'ul Hukkami a nan Kano, sun tsananta a kan cewa muƙami amana ne, ba ganima ba, sharaɗinsa iyawa da gaskiya, ba gaisuwa ko kusanci da fada ba. Dalilin a fili yake. Wanda aka naɗa don ya taya yaƙin zaɓe, ko don surukin wane ne, idonsa kullum yana kan ubangidan da ya ɗora shi, domin shi kaɗai ke iya sauke shi. Tsohon kofur mai sanda a hannu, wanda ya kwana a tasha don a tantance shi, ba shi da ikon naɗi balle na tuɓewa. Lamarin ya yi kama da mai buɗe ƙofar magudana idan manyan manoman bakin ruwa ne suka ajiye shi: na ƙarshen layi ba a hana shi ruwa da baki, sai dai ruwan ya iso bayan shukar ta yi yaushi.

A yi adalci: shugaban Hukumar Fanshon Sojoji hafsa ne mai ci, ba ɗan jam'iyya ba, kuma wannan ya kare kujerar daga irin rabon da ake yi wa kujerun hukumomin gwamnati duk bayan zaɓe. Amma sakin kuɗin yana hannun Ma'aikatar Kuɗi, shi ya sa a 'yan shekarun nan aka sha ganin mazan jiya sun shimfiɗa tabarmi a ƙofarta suna neman ariyas ɗinsu. Wanda kuma yake son ganin abin da ɗaurin gindi yake haifarwa a ofishin fansho, to, ya dubi ɓangaren farar hula.

A 2010 aka ba Abdulrasheed Maina shugabancin kwamitin gyaran fansho, aka ce ya kakkaɓe 'yan fanshon bogi. Ba a jima ba Majalisar Dattawa ta shiga bincikensa, a 2013 ya bar ƙasar, aka kore shi daga aiki. Abin mamakin yana gaba, domin a 2017, alhali hukumar EFCC tana nemansa, sai ga shi an mayar da shi aiki a Ma'aikatar Cikin Gida, har da ƙarin girma, kuma sai da jaridu suka yi ca, sa'an nan Shugaba Buhari ya ba da umurnin sallamarsa a watan Oktoba. Takardar mayar da mutum aiki ba ta sa wa kanta hannu. Ta bi teburori da yawa kafin ta fito. Daga baya ya tsallake beli, aka kamo shi a Nijar a 2020, kuma a Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya ta ɗaure shi shekara takwas kan halatta kuɗin haram kimanin naira biliyan 2. Kafin shi, a Janairun 2013, an sami John Yakubu Yusuf na ofishin fanshon 'yan sanda da laifi a shari'ar biliyoyin naira, aka ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida, sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida.

Kano ma tana da nata asusun amintattu na fansho tun 2006, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, kuma gwamna ne ke naɗa shugabansa. Gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta gaji bashin garatuti na kusan naira biliyan 48, ta kuma fara biya kashi-kashi. Sashe na 173 da na 210 na tsarin mulkin 1999 sun hana a riƙe fanshon ma'aikaci, sun kuma wajabta a sake duba shi duk shekara biyar. Amma ba su ba ɗan fansho ta-cewa ba game da wanda za a damƙa wa rajistarsa.