Kujerar Makka da Kwanon Koko

Ina ɗan shekara goma sha biyar aka biya wa mahaifina kujerar Makka. Wani attajiri ne da Baba ya daɗe yana yi wa jiran shago a Kantin Kwari ya aiko da albishir, yaron da ya kawo saƙon kuwa bai bar ƙofar gidanmu ba sai da ya sha tukuici har sau uku: na Baba, na Gwaggo, da na wata maƙwabciya da daɗi ya kama. Washegari Baba ya tara ƙannensa da limamin unguwa da dattawa biyu, aka sha manyan riguna, aka ɗauki shatar mota daga cikin gari zuwa Nasarawa don a je godiya. Da ni aka tafi, saboda ni ne ɗan fari. Muka zube a zauren mutumin, liman ya ja addu'a mai tsawo, Baba ya buɗe baki zai yi magana murya ta sarƙe, sai Baffa ya karɓe shi. Har Baba ya koma ga Mahaliccinsa, ba a taɓa ambaton sunan attajirin nan a gabansa bai ce Allah ya saka masa da alheri, ya jiƙan magabatansa ba.

A safiyar ranar, kafin mu fita, koko muka sha. Inna ce ta jiƙa geron, ta aika aka markaɗo da citta da kanumfari da masoro, ta tace, ta bar gasarar ta kwana ta yi tsami, sannan ta tashi tun kafin kiran assalatu ta hura wuta ta dama. Babbar rigar da Baba ya sa ma ita ta wanke ta, ta goge da dutsen guga na gawayi. Muka shanye, muka ajiye kwanuka a tsakar gida, muka fita godiya. Inna ta yi shekara talatin tana wannan tashin asuba. Wanda ya lissafa zai samu safiya sama da 10,000. Ba a taɓa ɗaukar shatar mota dominta ba, ba a taɓa kiran liman ba, ban kuma tuna ranar da ɗayanmu ya tsaya a kanta ya ce ya gode ba.

Waɗannan godiya biyu nake son in ɗora a ma'auni: wadda muke yi wa babbar kyauta da ta zo sau ɗaya daga waje, da wadda ƙananan alherai na kullum suke bin mu, waɗanda galibi daga hannun na gida suke fitowa.

Kada a ɗauka ta farkon riya ce. Na ga idon Baba a zauren nan, kuma na san abin da kujerar take nufi ga mutumin da ya fitar da rai zai ga Ka'aba. Bahaushe ya iya wannan godiyar, ya gina mata al'ada mai kyau. Yaba kyauta tukuici. In an yi maka hidimar biki ko suna ka bi gida-gida ban gajiya. In abin ya girma ka ɗauko manya su taya ka, domin ka nuna bakinka kaɗai ya yi kaɗan. Hikimar taron dattawan ita ce yana sa alheri ya samu shaidu, 'ya'ya su gani, su san gidan da ba za su taɓa yi wa butulci ba. Zumuncin gidanmu da gidan attajirin yana nan har gobe, alhali mutanen biyu duk sun kwanta dama. Alheri danƙo ne, godiya irin wannan kuma ita ke sa a ga inda ya maƙale.

Sai dai babbar kyauta ba ta da wuyar godewa. Tana zuwa da rana da wata da sunan mai bayarwa, tana girgiza mutum ko bai shirya ba. Kwanon koko ba ya girgiza kowa. Ya zo jiya, ya zo yau, zuciya ta riga ta sa shi cikin abubuwan da suke faruwa da kansu, kamar fitowar rana. Sabo ne ke shafe hannun da ya dama. Yaro ya kawo maka abinci daga maƙwabta sau ɗaya ka laluba aljihu ka ba shi tukuici, wadda take girka maka sau uku a yini kuwa sai ranar da gishiri ya zarce take jin muryarka.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun taɓa auna wani abu mai kama da wannan. A 1978, Philip Brickman da abokan aikinsa biyu a Amurka sun tattauna da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar tikiti, suka kwatanta su da wasu mutanen yankunansu da ba su ci komai ba. Waɗanda dukiya ta faɗo wa ba su ɗara sauran farin ciki da wani abin kirki ba, kuma da aka tambaye su daɗin da suke ji a ƙananan abubuwa, irin su karin kumallo da hira da aboki da jin labarin ban dariya, sai nasu ya gaza na sauran. Karin kumallon nan ne ya tsaya mini a rai. Ashe babban rabo yana iya dushe ɗanɗanon ƙarami, kamar yadda wanda ya kalli rana yake shiga ɗaki ya kasa ganin fitila.

Amma sabo ba shi kaɗai ne ya ɗaure mana baki ba, akwai kunya. A gidan da uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mata ba ta kiran sunan mijinta, uba ba ya wasa da ɗansa a gaban manya, ta ina yaro zai fara cewa, "Inna, na gode da kokon nan"? Inna ba ta taɓa kiran sunana ba; "kai" take ce mini, ko ta ce wa ƙannena su kira yayansu. Na girma na san wannan kawaici ƙauna ce a lulluɓe, ba na kuma cikin masu cewa a yaye lulluɓin. Abin da nake gani shi ne kunyar da aka yi domin girmamawa ta koma mafakar masu ganda. Da yawanmu ba kunya ke hana mu godiya ba, mantuwa ce, sai mu ara mata sunan kunya don ta yi kyan gani.

Dubi santi ma. Mutum yana cin tuwo da miyar kuka da ta ji man shanu da daddawa, daɗi ya kwashe shi ya saki wata magana, sai a fashe da dariya a ce santi yake. Tun muna yara muka koyi haɗiye yabon abinci don kada a kama mu. Amma duk wanda ya lura da fuskar mai girkin a lokacin da ake wannan dariyar ya san ita ce ta fi kowa jin daɗi. Santi godiya ce da ta kuɓuce wa mai ita, kuma a gidaje da yawa ita kaɗai ce ladan da mai tuƙa tuwo take samu daga bakin mutane.

Abin mamaki, ga Ubangiji ba mu da wannan nauyin baki. Gaisuwarmu cike take da hamdala a kan ƙananan abubuwa. Ina aiki? Da godiya. Yaya ruwa? Ya yi gyara. Yaya sanyi? Lokacinsa ne. Yaya iyali? Mun gode Allah. Harshen da ya koya mana gode wa Allah saboda barcin daren jiya bai rasa kalmar da za a gode wa wadda ta shimfiɗa tabarmar ba. Aya ta 14 ta Suratu Luƙman ta haɗa godiyar Allah da ta iyaye a wuri guda, bayan ta ambaci wahalar ɗaukar ciki da shayarwa, wato ɗawainiyar da ba ta da ranar biki. Malamai kuma suna yawan kawo hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya ɗaure godiyar Allah da godiyar mutane. Mukan tuna da shi a zauren attajiri, mu manta da shi a bakin murhu.

Wani zai ce ai abin da na gida suke yi haƙƙi ne a kansu, ba kyauta ba ce, wanda ya sauke nauyinsa kuwa ba ya jiran sambarka. Na ji wannan magana daga bakin maza da yawa, na kuma ji ta daga matan da ba su taɓa ce wa maigida sannu da cefane ba. Ban yarda da ita ba. Nauyi ana iya sauke shi da tsaki, ana iya sauke shi da kulawa, bambancin kuma a cikin kwano ake jin sa. Babu dokar da ta ce Inna ta tuna Baba ba ya son sukari da yawa, ko ta ware wa ƙanwata nata ba yaji saboda ciwon ciki. Wannan ƙarin ba haƙƙi ba ne. Shi ne kyautar, kuma kullum sai ta sake yin ta.

Akwai kuma inda ƙaramin alheri ya fi babba tsarki. Attajirinmu mutumin kirki ne, bai taɓa yi mana gori ba, amma kowa ya san kujerun Makka da buhunan shinkafa da ake rabawa da sharaɗi a ɓoye, waɗanda godiyarsu ba ta ƙarewa sai ta zama bauta, musamman in zaɓe ya ƙarato. Babbar kyauta tana iya sa mai karɓa ya rusuna har abada. Kwanon koko ba ya neman ƙuri'a, ba ya son a sa shi a rediyo. Wadda ta ba ka ma ta manta ta ba ka, tana can tana jiƙa geron gobe.

Darajar irin waɗannan abubuwa ba ta fitowa sai sun yanke, kuma mu nan Kano mun ga haka sau biyu cikin shekaru uku. A watan Afrilun 2020, ana gab da azumi, aka kulle gari saboda annobar korona. Ba kasuwa, ba sallar Juma'a, ba tafsiri a masallatai, daga baya aka riƙa sassautawa Litinin da Alhamis don a sayi abinci. A wannan shekarar maniyyata daga ƙasashen waje ba su samu zuwa Hajji ba, amma ba kujerar Makka na ji mutane suna kewa ba. Teburin mai shayi suke kewa, da zaman dakali bayan la'asar, da musabaha, da sahu kafaɗa da kafaɗa, da shiga gidan iyaye ba tare da fargabar kai musu cuta ba. Sai kuma farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da ta sayen ƙosai. A kwanakin nan mai kokon unguwarmu, wadda ko asusun banki ba ta da shi, ta riƙa zuba wa yara bashi tana cewa in an samu a kawo. Mutanen da suka yi shekaru suna miƙa mata kwano ba sa kallon fuskarta, a lokacin suka koyi ce mata sannu da ƙoƙari.

Wani bincike na Martin Seligman da abokan aikinsa, wanda aka buga a 2005, ya gwada hanyoyin godiyar biyu kusan yadda nake kwatanta su. Wasu mutane an sa su rubuta wasiƙar godiya ga wanda ya taɓa yi musu babban alheri, su kai masa da ƙafarsu. Wasu kuma an ce kowane dare, har mako guda, su rubuta abubuwa uku masu daɗi da suka same su a yinin da dalilin faruwarsu. Masu wasiƙa ne suka fi kowa samun farin ciki nan take, ya kuma kai wata guda, amma kafin wata uku ya koma yadda yake. Masu lissafin dare nasu a hankali ya taso, kuma bayan wata shida yana nan. Tafiyarmu Nasarawa ita ce wasiƙar. Ɗayar kuwa ba mota take buƙata ba, ido take so da zai riƙa ganin abin da ya saba gani.

Idan aka tilasta mini in ce wacce ta fi nauyi, ta gida zan ɗauka, ba don ta waje ba ta cancanta ba, sai don ta wajen tana da masu tsaya mata: al'ada, da liman, da idon jama'a. Wanda bai je godiyar kujerar Makka ba gari zai kira shi butulu. Wanda ya yi shekara talatin bai ce wa uwarsa ko matarsa sannu ba, ba mai kiran sa komai. Kuma ba sai mun aro salon wasu ba, don kalmomin suna nan a bakinmu, ba sa karya kunya: sannu da aiki, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka, Allah ya bar mana ke. Akwai turmin atamfa da ba na sallah ba, akwai goro, akwai zama a ci abincin a gabanta maimakon a ce a kai zaure.

Inna ta tsufa yanzu, gwiwa ta hana ta durƙuso a bakin murhu. Jikokinta ne ke damawa, ita tana kan tabarma tana ɗanɗanawa tana cewa a ƙara ruwan zafi. Bayan wahalar canjin kuɗin nan ta lafa, na je gaishe ta wata safiya, aka miƙo mini kwano. Na sha, na riƙe kwanon, na ce, "Inna, sannu da ɗawainiya. Duk shekarun nan da kika yi kina tashi dominmu, Allah ya saka miki da Aljanna." Ba ta dube ni ba. Ta gyara mayafinta, ta ce, "Kai kuma yau me ya same ka?" Ta yi shiru har na zaci maganar ta wuce, sannan a hankali ta ce, "Allah ya yi albarka. Allah ya ba ka masu yi maka."

Washegari da sassafe sai ga ɗan ƙanwata a ƙofar gidana, ɗauke da kwanon sha an rufe shi da faifai. Ya ce Inna ce da kanta ta dama, ta hana kowa taɓa ludayin. Na ba yaron tukuicinsa, na zura takalmi na bi shi.