JINI BAYAN SHAN ƘWAYAR GAGGAWA TA HANA ƊAUKAR CIKI

Uwargida, ki saurara. Akwai wata ƙwaya da mace ke sha bayan ta sadu da maigidanta idan ba ta shirya ɗaukar ciki ba, misali mai goyo wadda ta manta da maganin tazarar haihuwa. Wadda aka fi sani a kemis ita ce Postinor. Ana shan ta kafin kwana 3 su cika, kuma gwargwadon saurin sha, gwargwadon amfaninta. Aikinta shi ne jinkirta fitowar ƙwan mace. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, ba ta kuwa hana haihuwa nan gaba.

To, sau da yawa mace takan zo ɗakin shan magani a firgice, ta ce ta ga jini alhali lokacin al'adarta bai yi ba. Ki kwantar da hankalinki. Ƙwayar tana taɓa lissafin watan nan ne kawai. Wata takan ga ɗigo-ɗigo na kwana biyu ko uku. Wata al'adarta ta zo da wuri, wata ta makara, wata ta fi yadda ta saba yawa. Wata mai zuwa komai yakan koma daidai.

Amma ki tafi asibiti ba da ɓata lokaci ba idan kin ga ɗayan waɗannan:

1. Jini yana jiƙa ƙunzugu sharkaf kowace awa, har awa 2 a jere.
2. Ciwon mara mai tsanani, musamman a gefe guda, ko jiri, ko suma. Wannan yana iya zama ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, kuma yana kisa idan aka yi sakaci.
3. Jini ya wuce kwana 7 bai tsaya ba.
4. Al'ada ta makara fiye da kwana 7. Sai a gwada fitsari, don ƙwayar takan kuskure.

Idan kin yi amai kafin awa 2 da sha, ki sake shan wata. Kada ki mayar da ita maganin kullum. Ki nemi unguwarzomar asibiti ta zaɓa miki hanyar da ta dace da ke.

Kai kuma maigida, idan iyalinka ta yi kukan ɗayan alamun nan, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran gari ya waye. Nemi abin hawa ka kai ta. Kunya ba ta tsayar da jini.

Allah ya ba mu lafiya, amin.