Kafin a Miƙa wa Yaro Almakashi

Abu na ƙarshe da tela yake miƙa wa yaron shagonsa shi ne almakashi. Yaro zai fara da shara da hura gawayin guga, a aike shi sayo zare da maɓalli, ya yi wata da watanni yana taka keke a kan ƙyallayen da suka zube ƙasa har layinsa ya miƙe. Daga nan a ba shi kalmasa, a ba shi aljihu, in an ga hannunsa ya faɗa a ba shi wuya. Amma shaddar da mutum ya tara kuɗi ya yanko a Kantin Kwari, ba za a shimfiɗa masa ita a tebur a ce bismillah ba. Ɗinki in ya karkace ana farke shi a sake. Yanka in ya karkace sai dai a biya mai kaya.

Haka zaman ɗalibin lauya yake a ofishin lauyoyi. Kashi biyu ne masu zuwa. Akwai 'yan jami'a, daga harabar Kongo a Zariya ko Jami'ar Bayero ko ta Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda suke amfani da dogon hutu cikin shekaru biyar na digirinsu su nemi ofishin da zai karɓe su, galibi ta hanyar wani kawu ko abokin uba. Akwai kuma ɗaliban Makarantar Horon Lauyoyi ta Najeriya, wadda dokar 1962 ta kafa, ta fara a Legas, yanzu hedikwatarta na Bwari, da rassa irin na Bagauda da Yola da Inugu. Su dole ne a kansu: makaranta takan tura su makonni a kotu, makonni a ofishin lauya, kowa da littafin da zai riƙa rubuta abin da ya gani kullum, in sun dawo a titsiye su a kai. Duk cikinsu babu wanda doka ta yarje wa ya miƙe gaban alƙali ya yi magana da yawun wani, sai ranar da aka rantsar da shi ya sa hular gashi. Kafin nan wurinsa bencin baya ne, da farar riga da baƙar kwat.

A Amurka abin ya ɗan bambanta. Can sai mutum ya gama digirin farko zai shiga karatun lauya na shekara uku, kuma hutun bayan shekara ta biyu shi ne kasuwar neman aiki: manyan kamfanonin lauyoyi su ɗauki ɗalibi kamar mako goma, su biya shi albashi mai tsoka, yawanci kuma su yi masa tayin aiki tun bai gama ba. Namu ɗalibin, in ya samu kuɗin mota ma ya gode. Ga wata matsalar kuma: dogon hutu yakan faɗo daidai lokacin da manyan kotuna suke nasu hutun na shekara, daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba, sai ɗalibi ya iso shago ya tarar an rufe rabin kekunan. Wani lokacin ma yajin aiki ne yake yanka masa hutun, kamar na malaman jami'a na 2022 da ya ci wata takwas.

Koken da na fi ji daga bakin ɗaliban ɗaya ne. Mun je koyon lauya an mai da mu masinjoji. Ɗauko fayil, kai fotokofi, je ka rajista ka biya kuɗin shigar da takarda, zauna a kotu tun ƙarfe tara har azahar don kawai ka rubuto ranar da aka ɗage zama. Rabin wannan koken ban yarda da shi ba. Yaron da aka aika sayo zare sau ɗari shi ne wanda daga baya zai taɓa yadi da yatsa biyu ya gaya maka zai kama guga ko ba zai kama ba. Ɗalibin da ya sha hawa matakalar rajista ya san takardar da ake fara miƙawa, ya san me ake biya da inda ake buga hatimi, ya san cewa sammacin da bai isa hannun wanda ake ƙara ba kamar ba a rubuta shi ba ne. Babu malamin da zai koya maka wannan a aji, kuma lauyan da bai san shi ba yakan rayu a hannun magatakardansa.

Ɗaya rabin kuwa gaskiyarsu ce, gaskiya mai ɗaci. Akwai telan da yake aiken yaro amma idan ya tashi yanka sai ya ce, zo ka riƙe mini nan. Yaro ya danne gefen yadi da tafin hannu, idonsa a kan alli. Ya ga maigida ya ninka shaddar biyu, ya duba ta inda zanenta ya fuskanta don kada gaba ya kalli sama baya ya kalli ƙasa, ya ja layi, ya ƙara ɗan yatsa biyu saboda kalmasa, ya sake ɗora tef a kan layin da ya riga ya auna, sannan ya sa almakashi. Bai ce masa uffan ba, amma ya koya masa sana'a. Akwai kuma wanda sai ya tura yaro sayen abinci sannan ya yi yankansa, yaro ya shekara uku bai taɓa ganin yadda riga take fitowa daga yadi ba. Lauyan da ya karɓi ɗalibi, ya mora shi a kan kai da kawo, amma ya rufe ƙofa duk lokacin da za a yanke shawarar yadda za a ɓullo wa shari'a, irin wannan telan ne, kuma ya ci amanar da makaranta da iyaye suka ba shi.

Domin aikin lauya ma yana da nasa yankan, wanda ba a farkewa. Wace kotu ce take da hurumi a kan wannan magana, babbar kotun jiha ko ta tarayya, majistare ko kotun shari'ar Musulunci? Tun 1962 Kotun Ƙoli ta shimfiɗa ƙa'idar a shari'ar Madukolu da Nkemdilim: idan kotu ba ta da hurumi, duk abin da ta yi, komai kyansa, ya tashi a banza. Sai lokaci. Ƙarar zaɓe kwana 21 ne bayan bayyana sakamako, ba ƙarin ko yini ɗaya. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal ga mai son ƙarar jami'i kan abin da ya aikata a bakin aikinsa. Har sa hannu yanka ne. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu saboda an sa musu hannu da sunan kamfanin lauyoyi maimakon sunan lauyan da ke cikin rajista, kuma bayan wannan hukunci shari'o'i da dama da aka shekara ana fafatawa sun rushe a kan layi ɗaya na ƙarshen takarda. Ɗalibi yana haddace waɗannan sunaye don jarrabawa. Amma sai ya tsaya kusa da lauyan da ke ƙirga kwanaki a kalanda, yana sake ƙirgawa, sannan zai gane cewa gonar wani ce ko 'yancin wani ne a shimfiɗe a teburin.

Kafin yanka ma akwai awo, kuma a ganina nan ne aka fi tauye ɗalibai. Na ga yadda wani lauya a Kano ya karɓi wata dattijuwa da ta zo da takardu cikin baƙar leda, ɗaliba na zaune a gefe da biro. Mijinta ya rasu, ƙannensa suna neman sayar da gidan da take ciki da marayu. Ta fara labari tun daga ranar aurenta. Bai katse ta ba. Sai da ta numfasa ya ce, "Iya, Allah ya jiƙan Malam. Gidan nan saye ya yi ko gado ya ci?" Ta ce saye. "Da kuɗinsa shi kaɗai, ko akwai naki a ciki?" Ta yi shiru, sannan ta ce ta sayar da shanunta biyu na gado lokacin da za a yi rufi. "Wa ya san da haka?" Ta ce mai unguwa da wanda ya sayi shanun. "Suna raye?" Ɗaya yana raye. Ya juya ga ɗalibar ya ce, "Malama, rubuta sunansa da unguwarsu, yau ɗin nan." Da dattijuwar ta fita sai ya tambaye ta, a ganinta maganar mene ce? Ta ce rabon gado. Ya ce da sauran magana kafin gado, domin ba a raba abin da ba na mamaci ba, sai an fitar da haƙƙin matar tukuna. Tambaya huɗu ya yi, siffar shari'ar ta canja gaba ɗaya. Tela ma idan bai sa tef a kafaɗar mutum da kansa ba, komai kyan ɗinkinsa rigar wani ya ɗinka.

To, ina burinsu yake? Tambayi ɗalibai goma, da yawa za su ce maka Babban Lauyan Najeriya, wato SAN, ko kuma kujera a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Legas irin su Aluko & Oyebode, Templars ko Banwo & Ighodalo, inda ake harkar mai da gas da bankuna da cinikin kamfanoni. Wasu su ce alƙalanci. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Kowane yaron tela surfani ne yake fara ɗaukar idonsa, aska takwas a ƙirjin babbar riga, domin shi ake gani daga nesa ranar Idi. Kuma Arewa tana bukatar 'ya'yanta a waɗannan wurare; ofishin Dikko & Mahmoud a Kano ya fitar da A. B. Mahmoud, wanda ya shugabanci Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya daga 2016 zuwa 2018. Sai dai ya kamata a gaya musu tsawon hanyar. Muƙamin SAN, wanda aka fara bayarwa a 1975 ga Cif Rotimi Williams da Dakta Nabo Graham-Douglas, ba a neman sa sai an shekara goma ana aiki. Tsarin mulki ya sa shekara goma kafin a naɗa mutum alƙalin babbar kotu, sha biyu ga Kotun Ɗaukaka Ƙara, sha biyar ga Kotun Ƙoli. Tsakanin rantsuwa da waɗannan shekaru akwai bautar ƙasa, akwai albashin ƙaramin lauya wanda a ofisoshi da yawa ba ya kai mutum ƙarshen wata, abin da ya kori hazikai da dama daga sana'ar tun ba su kai ko'ina ba.

Abin da zaman ofis yake nuna wa mai ido shi ne irin kayan da jama'a suke kawowa a zahiri. Rikicin fili da takardar mallaka a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978. Mai haya da mai gida. Saki da riƙon 'ya'ya da gado, inda ɗalibin da ya haɗa dokar Ingila da fiƙihun Malikiyya a Zariya ko Kano yake da abin da takwaransa na wani wuri ba shi da shi. Bashi tsakanin 'yan kasuwa da ba a rubuta ba. Sai beli, wanda ba ya ƙarewa. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, amma fiye da rabin mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Hukumar ba da agajin lauya kyauta, wadda aka kafa a 1976, ba ta da hannayen da za su isa. Wannan ita ce rigar yau da kullum, wadda talaka yake sawa ya fita nema, kuma ɗinka ta daidai ba ƙaramin aiki ba ne. Ina so a ce ɗalibi ya ga wannan da idonsa kafin ya tsai da burinsa, ko da daga ƙarshe Legas ɗin zai nufa.

Wani kuma zaman ne zai nuna masa cewa shi ba mutumin kotu ba ne, kuma wannan ma riba ce. A Najeriya rantsuwa ɗaya ce take ba lauya izinin tsayawa gaban alƙali da kuma aikin rubuta yarjejeniya, ba kamar Ingila ba inda aka raba su gida biyu. Wanda ya ga jiran kotu yana cin ransa, amma yana iya wuni a kan takardar haya ko rajistar kamfani yana tsefe ta sashe sashe, ya gano nasa teburin da wuri. Wata za ta gano cewa gabatar da ƙara a ma'aikatar shari'a ne ya dace da ita, wani koyarwa. Gara a san haka cikin mako shida da a sani bayan shekara shida.

Shi ya sa idan ɗalibi ya zo neman shawarar inda zai je, ba na fara tambayar girman allon da ke ƙofar ofishin. Ina tambayarsa ko lauyan yakan bari a zauna idan yana ganawa da masu kawo ƙara, da izininsu, bayan an ja wa ɗalibi kunne cewa abin da ya ji a ɗakin amana ce ko a gida ba a faɗa. Ina tambaya ko yakan ba ɗalibi ya zana takardar rantsuwa ko wasiƙa, ya karɓa ya bi ta da jan biro ya mayar masa. Ofishi mai ɗaki biyu a saman kantin magani da yake yin haka ya fi mai bene biyar da zai ajiye ka a ɗakin karatu har hutun ya ƙare.

Lauyoyin kuma, abin da ake nema a wurinsu bai taka kara ya karya ba. Minti ashirin a mota bayan an fito daga kotu, a tambayi ɗalibi me ya fahimta, a gaya masa dalilin da ya sa aka ƙi yi wa wancan shaidan tambaya ta uku. Littafin da makaranta ta ba shi kuma a karanta shi kafin a sa hannu, domin da yawa sai ranar ƙarshe ake tara su a tebur a bi da biro da hatimi, alhali sa hannun shaida ce cewa an koya wa mai littafin abin da ya rubuta a ciki.